Yadda ake tsara ladan aiki a ma'aikatar magajin gari ba tare da an raba kan ma'aikata ba

Akwai wata baiwar Allah da muka yi aiki tare a wata ƙaramar hukuma ta jahar Damagaram, ita ke riƙe da rajistar haihuwa. Kafin ƙarfe takwas tana kan kujerarta, ta kaɗe ƙurar teburi da gefen mayafi, ta jera manyan littattafan rajista, alƙalaminta ɗaure da zare don kada wani ya wuce da shi. In uba ya kawo takardar asibiti, sai ta sa shi ya faɗi sunan yaron sau biyu, ta karanta masa abin da ta rubuta, sannan ta kai a sa hannu. Ƙarshen wata shekara haraji ya shigo da kyau, aka ce za a raba wa ma'aikata ɗan hasafi. Aka raba a rufe, cikin ambulan. Washegari kowa ya san abin da kowa ya samu, domin a ma'aikata irin tamu magana ba ta kwana a ɓoye. Ita ko dala ba ta samu ba, waɗanda ke yawan shiga ofishin manya su suka kwashe. Na same ta na ce, "Yaya, ki yi haƙuri." Ta ce, "Ƙanena, ai na gane. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi." Ba ta yi faɗa da kowa ba. Daga wannan watan ta koma zuwa ƙarfe tara, azahar na yi ta rufe littafi.

Kuɗin da aka fitar don a ƙarfafa gwiwar mutane, shi ya kashe gwiwar wadda ta fi kowa aiki. Don haka nake rubuta wannan ga sakatarorin meri, wato ma'aikatar magajin gari, da shugabannin sassa, da duk wanda aka ɗora wa jagorancin ƙaramar hukuma. Tun zaɓen ƙananan hukumomi na farko a Yulin 2004, da kundin dokarsu na 2010, nauyin takardun haihuwa, tsabtar gari, kasuwanni da tashoshi yana wuyan meri. Birnin Damagaram kaɗai gundumomi 5 gare shi. A Afrilun 2024 an rusa majalisun da aka zaɓa, aka naɗa shugabannin riƙo. Shugabanni na zuwa suna tafiya, amma mai rajista da mai shara da ɗan tikitin kasuwa suna nan, kuma su talaka ke gani in ya zo. Ga yadda nake ganin ya kamata a bi, mataki bayan mataki.

Da farko a biya albashi

Kada a ta da maganar tukuici matuƙar ana bin meri bashin albashi. Mutumin da ke bin ku wata uku, mai shagon unguwa ya daina ba shi shinkafa bashi, in ka miƙa masa takardar yabo zai ga kamar raini ne, kuma yana da gaskiya. Albashi haƙƙi ne, tukuici ƙari ne a kan haƙƙi.

A zauna da ma'ajin meri, a fito da sunan kowane ma'aikaci, har da ƴan kwantaragi da masu aikin yini, a rubuta watannin da kowa ke bi. A duba ko akwai wanda ke karɓar ƙasa da mafi ƙarancin albashi na ƙasa, wanda ya koma sefa 42,000 tun Janairun 2024. A duba kuma ko kuɗin da ake yanka wa ma'aikata don asusun fansho na CNSS yana isa can, domin ranar ritaya ce ake gane ramin, lokacin da gyara ya yi wuya. In kuɗin da ke hannu bai isa a biya bashin gaba ɗaya ba, a fara da masu ƙaramin albashi, a sa ranar biyan sauran, a faɗa wa mutane ranar da baki, a kuma cika. Ma'aikaci na iya jure jira in ya san iyakarsa. Abin da ke karya shi shi ne "sai an gani".

Kayan aiki ma a nan suke. Ba a auna mai shara da ba shi da shebur, ko mai zagayen haraji da ba a zuba wa babur ɗinsa mai.

Sai a tsai da abin da za a auna

Nan ne yawancin tsare-tsare ke lalacewa, don haka zan daɗe a kai. Kowane sashe a zaɓa masa abu biyu ko uku, kada su wuce haka, kuma su zama abin da za a iya ƙirgawa daga littafi ko a gani da ido. "Ladabi", "himma" da "biyayya" ba sa ƙirguwa, ta nan son kai ke shigowa.

A sashen takardun haihuwa, a ƙirga kwanakin da ke tsakanin ranar da aka kawo sanarwa da ranar da takarda ta fito. Dokar rajistar jama'a ta 2019 ta ba iyaye kwana 60 su sanar da haihuwa, in wa'adin ya wuce sai an bi ta kotu. Saboda haka ma'aikacin da ke bin cibiyoyin sanarwa na asibitoci da ƙauyuka yana kwaso takardu a kan lokaci, ya raba iyalai da wahala mai yawa, ya kamata littafi ya nuna hakan. Amma sauri kaɗai bai isa ba. A haɗa da yawan takardun da aka dawo da su saboda kuskure. Duk mun san yaron da ya kai ajin jarrabawar BEPC sannan aka tarar harafi ɗaya na sunan mahaifinsa ya saɓa tsakanin takardar haihuwa da ta lakwal, uban ya yi ta safa da marwa. In ka saka wa sauri kaɗai, irin wannan za ka yawaita.

Masu karɓar kuɗin kasuwa da na tasha su ne suka fi sauƙin aunawa, kuma su ne suka fi haɗari. Dama suna da kason da ake fitar musu daga abin da suka tara, kamar yadda masu gari da masu unguwa ke da nasu a kan haraji. Kuskuren da ake yi shi ne a gwada ɗan tikitin Kasuwar Dole da na wata ƴar kasuwar gefen gari, a ce wane ya fi kawowa. Ai ko barci na farkon yake yi zai fi. A gwada kowace kasuwa da kanta: abin da ta kawo a wannan watan, da abin da ta kawo a irin wannan watan bara. Kasuwar Alhamis ta bayan kaka, lokacin da gero da wake da gyaɗa suka shigo, ba ɗaya take da ta tsakiyar damina ba, sa'ad da mutane ke gona, aljihu kuma ya bushe. Haka kasuwar dabbobi gab da babbar salla.

Akwai darasin da ya kamata a sani kafin a ɗora tukuici a kan yawan kuɗi. A lardin Punjab na Pakistan an yi gwaji da masu karɓar harajin gidaje, aka buga sakamakon a 2016. An ba wasunsu kaso daga ƙarin da suka kawo. Kuɗin shiga ya ƙaru sosai, amma cin hancin da masu gidaje da yawa ke bayarwa shi ma ya hau, domin yanzu jami'in na da dalilin tsawwala farashin kau da kai. Mu ma in muka ce wa ɗan tikiti "kawo da yawa ka samu da yawa" muka yi shiru, tsohuwa mai tallar ƙuli-ƙuli ce za ta ji a jikinta. Maganinsa a haɗa ma'auni na biyu: littattafan tikiti masu lamba, a ƙirga gindin kowane littafi a gwada da kuɗin da aka zuba wa ma'aji a ranar, a riƙa shiga kasuwa ba sanarwa ana tambayar ƴan kasuwa tikitinsu, a kuma tambayi sarkin kasuwa ko an kawo ƙara. Wanda aka tabbatar ya karɓi kuɗi ba tikiti, ko ya ci zarafin mai sayarwa, ya fita daga tukuicin wannan zangon ko nawa ya tara.

Masu tsabta kuwa a auna su ƙungiya-ƙungiya, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A ba kowace ƙungiya yankinta da sunansa, a ce daga nan zuwa nan a Zango, ko wannan layin na Birni, ko magudanar ruwa kaza a Garin Malam da dole a yashe kafin ruwan farko. A ɗauki hoto da waya kafin aiki da bayansa, mai unguwa ya shaida.

Sauran ma'aikata, irin su mai gadi, direba, masinja da sakatariya, kada a manta da su don aikinsu ba ya shiga lissafi kai tsaye. Zuwa a kan lokaci, kula da kayan da aka damƙa musu, da wasiƙun da suka isa inda aka aike su, duk ana iya rubutawa.

A yi wata uku ana rubutu kawai

Kafin a yi alkawarin komai, a ba kowane shugaban sashe littafi, a yi wata uku ana rubuta abin da ke faruwa. Daga nan za a san inda ake, a sa buri mai yiwuwa. Burin da aka zana daga kai a ofis, ko ya yi sauƙi har kowa ya ci ba gumi, ko ya yi nisa har kowa ya fid da rai tun makon farko.

Kuɗin ya bi hanyar doka

Tukuici ya samu layinsa a kasafin kuɗin shekara, da amincewar wanda ke riƙe da ikon majalisar gari, a kuma aika wa wakilin gwamnati, gwamna ko kantoma, ya duba halaccinsa kamar sauran shawarwari. Biya ya fito ta hannun ma'aji, da takardar sunaye, kowa ya sa hannu gaban adadinsa. Kada a taɓa cire shi daga kuɗin kasuwa kafin su shiga asusu, kada kuma shugaba ya zaro daga aljihunsa. Abin da ya fito daga aljihun mutum, na mutumin ne, kuma wanda ya karɓa ya zama yaronsa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Muna son ma'aikaci ya ji meri ce ta saka masa saboda aikin jama'a.

Nawa za a ware? Abin da za a iya biya ko a shekarar da damina ta ƙi. Ga misali don a gane lissafin. A ce wata kasuwa ta kawo jika 400 a watan Oktoban bara, bana ta kawo jika 500, ba ƙara, tikiti ya yi daidai da kuɗi. Ƙarin jika 100 ne. In an yarda tun farko cewa kashi 20 cikin 100 na ƙarin zai shiga tukunyar tukuici, an samu jika 20 ke nan. A ra'ayina rabi ya tafi ga ƴan tikitin kasuwar, rabi ya shiga tukunyar gama-gari wadda mai rajista da mai shara za su ci daga ciki gwargwadon nasu ma'aunin. Dalilina shi ne ɗan kasuwa ya fi sakin kuɗi da daɗin rai in ya ga an kwashe bolar da ke bakin rumfarsa, ashe mai shara ma ya taya tarawa. In tukuici ya tsaya ga masu taɓa kuɗi kaɗai, kowa zai fara neman a mai da shi kasuwa, ofishin rajista ya zama wurin horo.

Abin da ba kuɗi ba

Mu Hausawa mun san nauyin a ambaci sunan mutum da alheri a bainar jama'a, yabon gwani ya zama dole. Bincike ma ya nuna haka. A birnin Lusaka na Zambiya an ba masu kitso da masu aski kayan kariya daga cutar sida su sayar wa abokan cinikinsu. Wasu aka ba su riba, wasu kuma aka manna musu allo a shago ana liƙa tauraro duk lokacin da suka sayar. A sakamakon da ya fito a 2014, masu tauraro sun sayar da kusan ninki biyu na sauran. Yabon da ido ke gani yana aiki, musamman a aikin da mutum ya san yana amfanar jama'a.

To a yi amfani da shi. Takardar yabo mai hatimi, wadda aka faɗi ainihin abin da mutum ya yi a cikinta, kwafi ɗaya ya shiga fayil ɗinsa don ranar ƙarin girma. A miƙa ta gaban abokan aiki da masu unguwa, in da hali a gayyaci wakilin fadar Sarkin Damagaram, a bar mutum ya zo da iyalinsa. Ranar ma'aikata ta 1 ga Mayu ta dace, haka 3 ga Agusta ko 18 ga Disamba. A kai sunayen gidan rediyo. Na ga dattijon da ya shekara da shekaru yana tura amalanken shara, ranar da aka kira sunansa a lasifika ya zo da babbar rigarsa ta salla, ya karɓi takardar da hannu biyu, ya juya yana neman ɗansa cikin taro don ya tabbata yaron ya gani.

Sai zuwa horo da taron ƙara wa juna sani. Kowa ya san akwai kuɗin guzuri a ciki, kuma kowa ya san a wurare da yawa fuskoki uku ko huɗu ne ke zuwa kullum. A mai da shi lada: wanda aikinsa ya shafi horon kuma ya yi ƙoƙari, shi zai je. Akwai kuma sakin mara. Wani nazari da aka buga a 2018 kan ayyukan gwamnatin Najeriya fiye da 4,700 ya gano cewa ma'aikatun da ke bar wa jami'ansu damar yanke shawara sun fi kammala ayyuka, waɗanda kuma suka cika sa ido da ɗaure komai da sakamako sun fi barin aiki a hanya. Wanda ya nuna amana, a rage masa yawan "je ka tambayo", ya ji an yarda da shi.

Wa zai yanke hukunci

Kada mutum ɗaya ya yanke. A kafa ƙaramin kwamiti: babban sakatare, ma'aji, wakilin da ma'aikata suka zaɓa da kansu, da mutum ɗaya daga waje, kamar wakilin ƴan kasuwa ko na ƙungiyar mata. Shugaban sashe ya kawo littafinsa, amma ya fita in ana maganar ɗan uwansa ko surukinsa. A garin da kowa dangin kowa ne wannan ba abin kunya ba ne, kariya ce gare shi.

Ƙa'idojin a rubuta su a shafi ɗaya, da Faransanci da Hausa, a manna a bango, a kuma karanta su da baki a taron ma'aikata saboda waɗanda ba su yi lakwal ba. A yi haka kafin zangon aunawa ya fara. In sakamako ya fito, a manna shi da alƙalumansa, a ba da mako guda don wanda ke ganin an zalunce shi ya kawo kuka, a saurare shi da littafi a buɗe.

Waya za ta zo, wannan tabbas ne. Wani babba zai kira ya ce a duba masa yaronsa. Amsar da na ga tana aiki ita ce ta ladabi: "Ranka ya daɗe, ƙa'idar na bango, mutum huɗu ne suka sa hannu. In ya ƙara ƙoƙari, zango mai zuwa da kaina zan kira ka in yi maka albishir." Sau ɗaya aka karya, an gama. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma ma'aikata sun fi kowa saurin ganin tsagar.

Ranar bayarwa da abin da ke biyo baya

Duk wata uku ya fi sau ɗaya a shekara, ko da abin kaɗan ne. Mutum ya yashe magudana a watan Mayu, in sai Disamba za a tuna da shi, zaren da ke tsakanin aikin da ladan ya tsinke. Ranar da aka sa kuma kada ta motsa.

Waɗanda ba su samu ba su ne suka fi yawa, kuma da su za a ci gaba da aiki gobe. Shugaban sashe ya zauna da kowannensu shi kaɗai, ya nuna masa inda ya tsaya da abin da ya rage masa. Sau da yawa a irin wannan zaman ne ake gano cewa mutumin ba malalaci ba ne: yana kwana a layin famfo saboda ƙarancin ruwan da Damagaram ta daɗe tana fama da shi, ko yana jinyar mahaifiya, ko an ba shi aikin da ba a taɓa koya masa ba. A ware kuma lada ɗaya ga wanda ya fi kowa gyaruwa, don kada gwanaye biyu su riƙa cinyewa kullum sauran su zama ƴan kallo. Hukunta mai laifi kuwa hanyarsa daban, kada a mai da hana tukuici bulalar huce haushi.

Bayan shekara a zauna a duba. Kuɗin shiga ya ƙaru? Ƙorafin ƴan kasuwa fa? Kwanakin jiran takarda sun ragu, ko dai an koyi rubuta ranar ƙarya a littafi? A ɗauko takardu goma ba zaɓe, a kira masu su a tambaye su yaushe suka kawo, yaushe suka karɓa. Ma'aunin da aka gano ana yi masa dabara a canza shi, a faɗa wa kowa dalili.

A wannan zaman ne ya kamata a tambayi ma'aikata bakinsu abin da suke so, domin ba kullum ne abin da manya ke zato ba. Da aka samu sabon sakatare a ma'aikatarmu, ya kira baiwar Allahn nan mai rajista ya ce, "Hajiya, in an ce ki zaɓi abu ɗaya, me za a yi miki?" Ta yi shiru, sannan ta tashi ta ɗauko wani tsohon littafi daga ƙasan tarin da ke jingine da bango, ta buɗe masa. Gara ta cinye gefen shafuka, sunayen iyaye na wasu yaran sun tafi. Ta ce kabad na ƙarfe mai makulli take so. Bayan mako uku aka kawo shi a kan amalanke. Ranar ba ta tashi da azahar ba, ta zauna har la'asar sakaliya tana goge littattafan ɗaya bayan ɗaya, tana jera su shekara-shekara, ta rataya makullin a zaren da ke ɗaure da alƙalaminta.